Wa ya wajaba ya cike takardar harajin kuɗin shiga a Najeriya, kuma yaushe? Tambayoyi da amsoshi

Kusan duk wanda ya zo wurina da maganar haraji, tambayarsa ta farko ita ce: nawa za su karɓa? Da wuya ka ji wanda ya fara da cewa, ni fa akwai takardar da ta hau kaina in cike? Alhali nan ne ramin da ya fi cin mutane. Biyan haraji abu ɗaya ne, bayyana wa hukuma abin da ka samu a shekara wani abu ne daban, kuma mutum na iya kuɓuta daga na farko ba tare da ya kuɓuta daga na biyu ba. Aikina riƙe wa 'yan kasuwa da ƙananan ma'aikata lissafi ne, tambayoyin da ke ƙasa kuwa daga bakin mutane na ji su, wasu a shago, wasu a ƙofar masallaci bayan an idar da salla.

Wace takarda ce wannan da ake ta magana a kanta?

Fom ne da mutum ke cikewa sau ɗaya a shekara, ya rubuta duk hanyoyin da kuɗi suka shigo masa a shekarar da ta wuce: albashi, ribar kasuwanci, kuɗin haya, la'ada, ladan kwangila da sauransu. A ciki yake nuna rangwamen da doka ta ba shi, ya fitar da harajin da ke kansa, ya nuna abin da aka riga aka cire masa. In akwai ciko ya biya, in babu ya rubuta babu. Tsofaffin ma'aikata sun san shi da Form A. Jihohi da dama yanzu sun mayar da shi intanet, wasu kuma har yau sai ka je ofis.

Ba a jiran hukuma ta aiko maka. Doka ta ce kai za ka kai da kanka, ko an tambaye ka ko ba a tambaye ka ba.

Malam, an ce wanda samunsa bai wuce ₦800,000 a shekara ba babu haraji a kansa. To ni me zan je in cike?

Gaskiya aka faɗa maka, sai dai rabinta aka faɗa. A ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokokin haraji guda huɗu, sabon tsarin kuma ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Ɗaya daga cikinsu ita ta tsara nawa ake biya. A ƙarƙashinta ₦800,000 na farko ba a taɓa su. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana ɗaukar kashi 15 cikin 100, miliyan 9 na gaba kashi 18, miliyan 13 na gaba kashi 21, miliyan 25 na gaba kashi 23, abin da ya haura miliyan 50 kuma kashi 25. Wanda yake kan mafi ƙarancin albashi, wato ₦70,000 a wata tun 2024, shi ma an ɗauke masa.

Amma akwai doka ta biyu, wadda ta tsara yadda ake gudanar da harajin, ita kuma ta faɗa baro-baro cewa duk mai hanyar samun kuɗi zai kai takardarsa, ko haraji ya hau kansa ko bai hau ba. Tsohuwar dokar 1993 ta yi sassauci ga wanda albashinsa bai wuce ₦30,000 a shekara ba, adadin da tuni zamani ya bar shi a baya.

Dalilin a fili yake idan ka tsaya a gefen jami'in haraji. Ta yaya zai san samunka bai kai ₦800,000 ba in ba kai ka nuna masa ba? Shagonka yake gani cike da kaya, bai san rabin kayan na bashi ba ne. Takardar ita ce bakinka a wurinsa. Wanda bai kai ba ya bar wa wani ya yi masa kirdado, kuma ban taɓa ganin kirdadon da ya zo wa mai shago da sauƙi ba.

Ni ma'aikaci ne, duk wata ana cire mini PAYE, wato harajin da ake cirewa daga albashi. Ba shi ke nan ba?

Wannan ita ce tambayar da na fi sha, kuma amsar ita ce a'a. Wurin aikinka yana da nasa nauyin: ya cire harajin, ya tura wa hukuma kafin 10 ga watan da ke biye, sannan kafin 31 ga Janairu ya kai jerin sunayen ma'aikatansa da abin da ya biya kowa a shekarar da ta gabata. Wannan takardarsu ce. Taka tana nan tana jiranka, domin ofishinku albashin da yake ba ka kaɗai ya sani.

Bari mu ɗauki misali. Malamin makaranta ne yake karɓar ₦200,000 a wata, wato ₦2,400,000 a shekara. A ce ana cire masa kashi 8 na fansho a kan duka albashin, ₦192,000 ke nan. Yana zaune a gidan haya na ₦600,000 a shekara. Sabuwar doka ta ba masu haya rangwamen kashi 20 na kuɗin hayar, muddin rangwamen bai wuce ₦500,000 ba, nasa ya kama ₦120,000. Abin da ya rage ₦2,088,000. A cire ₦800,000 da ba a taɓawa, saura ₦1,288,000, kashi 15 nasa ₦193,200 a shekara. Da bai bayyana kuɗin hayar ba, ₦211,200 za a cire masa. Ka ga ₦18,000 sun tafi saboda rasit ɗaya da bai nuna ba.

To a ce malamin nan yana kiwon kaji a bayan gida, ya ci ribar ₦900,000 a shekarar. Ofishinsu bai san da kajin ba, bai kuma cire komai a kansu ba. A idon doka kuwa mutum ɗaya ne da aljihu ɗaya, ana haɗa albashi da ribar a lissafa tare. Harajinsa ya koma ₦328,200, cikon ₦135,000 shi zai biya da hannunsa lokacin da ya kai takarda. Kada ya ce ai ribar kajin kaɗan ta wuce ₦800,000, domin wannan rangwamen sau ɗaya ake cin sa, kuma albashi ya riga ya cinye shi.

Akwai wani amfanin da ba a cika faɗa ba. Na taɓa zama da wata ma'aikaciyar asibiti mai zaman kansa da ta je neman takardar shaidar biyan haraji domin ta mallaki fili. Shekara uku ana cire mata, takardun albashinta duk sun nuna, amma da aka buɗe kwamfuta a ofishin haraji ko sisi ba a gani da sunanta ba. Da tana kai takardarta duk shekara, tun a ta farko asirin zai tonu.

Yaushe ne wa'adin?

Ranar 31 ga Maris ta kowace shekara, a kan abin da ka samu daga Janairu zuwa Disambar shekarar da ta wuce. Abin da ka samu a 2026, takardarsa kafin 31 ga Maris na 2027. Samun 2025 kuwa da tsohon ma'auni ake lissafa shi, mai farawa da kashi 7 ya ƙare a kashi 24.

Shawarata kada ka kai makon ƙarshe. A ranakun nan shafukan intanet na hukumomin kan yi nauyi, ofis kuma ya cika maƙil. Fabrairu ya fi kwanciyar hankali.

Wace hukuma zan kai wa, ta tarayya ko ta jiha?

Ta jihar da kake zaune. A Kano KIRS, a Kaduna KADIRS, a Legas LIRS, mazauna Abuja kuma FCT-IRS. Hukumar tarayya, wadda a da ake kira FIRS yanzu ta koma NRS, kamfanoni take kula da su, sai wasu rukunin mutane kaɗan: sojoji, 'yan sanda, jami'an diflomasiyya, da waɗanda ba mazauna Najeriya ba amma suna samun kuɗi a cikinta.

Inda kake kwana ake dubawa. Garin haihuwarka ko inda ofishinku yake ba su ne ma'auni ba. Wanda ke kwana a Mararaba ko Masaka yana shiga Abuja aiki kullum, harajinsa na Jihar Nasarawa ne. Na Suleja da Madalla na Jihar Neja. Bakatsinen da ke sayar da albasa a Mile 12 yana zaune a Legas, can zai kai takardarsa ko da iyalinsa na Funtuwa. Ranar 1 ga Janairu ake kallo: inda ta same ka da zama, nan ce jiharka ta wannan shekarar, ko ka tashi a watan Yuni. Ma'aikaci mai gida biyu kuma, wanda ya fi kusa da wurin aikinsa ake ɗauka.

Alhaji ne ke tambaya: miliyoyi suna shiga asusuna suna fita, amma ba nawa ba ne, na kaya ne. A kan duka za a lissafa?

Ranka ya daɗe, a kan riba ake lissafawa. Uwar kuɗi ba a taɓa ta. Ɗauki mai sayar da hatsi a Dawanau da ya yi cinikin naira miliyan 12 a shekara. Masara da dawan da ya saro sun ci miliyan 10.5. Hayar rumfa, kuɗin mota, 'yan dako, buhuna da albashin yaron shago sun ci ₦800,000. Ribarsa ₦700,000. Babu haraji a kansa, amma takarda tana kansa, kuma shi ya fi kowa bukatar ya kai ta, domin duk wanda ya ga miliyan 12 sun ratsa asusunsa zai ɗauka attajiri ne.

Abin da ake cirewa shi ne abin da aka kashe domin kasuwancin kansa. Cefanen gida, kuɗin makarantar yara, kayan sallah da kujerar Makka daga riba suke fita, ba a lissafa su cikin ɗawainiyar shago. A nan ne nake yawan jayayya da mutanena, saboda aljihun riga ɗaya ne yake ɗaukar kuɗin ciniki da na cefane. Abin da nake roƙon kowa ya yi shi ne ya ware asusun kasuwa da na gida. Masu POS da dillalai su suka fi shiga wannan matsala: kuɗin mutane ne ke wucewa ta hannunsu, nasu ɗan cajin da ke sama ne ko la'ada, to dole rubutu ya nuna haka.

Ni ban iya boko ba, ban kuma riƙe littafi. Yaya zan yi?

Littafin makaranta mai ganye arba'in ya isa. Shafi ɗaya abin da ya shigo, shafi ɗaya abin da ya fita, da kwanan wata. Na san wani dattijo mai sayar da yadi da yake rubuta nasa da ajami, kowace yamma bayan la'asar, biro ɗaure da zare a jikin littafin. Da muka zauna fitar da lissafinsa na shekara, wuni ɗaya bai cika ba muka gama, ya fi na wasu masu kwamfuta tsafta.

Doka ta ba hukumomi dama su fitar da fom mai sauƙi domin masu ƙaramin ƙarfi da masu sana'ar hannu. Ta kuma ba su dama, ga wanda babu yadda za a gane samunsa, su yanka masa adadi gwargwadon irin sana'arsa da girmanta. Wannan yankan yana da sauƙin biya, amma ba ya sanin shekarar da kasuwa ta faɗi ko gobara ta ci rumfa. Mai littafi yana da abin nunawa. Ka adana littafin da rasitai shekara shida, domin iyakar abin da doka ta nema ke nan.

Matata tana sayar da atamfa da turare a cikin gida. Takardata ta wadatar mana?

Ba ta wadatar ba. Kowa da tasa, kamar yadda dukiyarta tata ce taka taka ce. Wannan ma alheri ne gare ku, domin ita ma tana da nata ₦800,000 da ba a taɓawa. Hajiyar da ba ta da wata sana'a, abin da maigida ke ba ta kawai take riƙewa, babu takarda a kanta. Amma mai ɗinki, mai girkin biki, mai saro kaya tana tallatawa a WhatsApp, duk masu hanyar samu ne. Abin da na lura shi ne mata da yawa ba su san da wannan ba sai ranar da suka nemi rancen banki ko wata 'yar kwangilar kai abinci makaranta, aka ce su kawo shaidar haraji.

Ɗalibi fa, da wanda ba shi da aiki, da ɗan fansho?

Wanda ba ya samun komai ba a neman takarda a wurinsa. Ɗalibin da iyaye ke ɗauke da shi yana cikin wannan. Ɗalibin da ke gyaran waya ko zanen kwamfuta ana biyansa ya fita daga ciki, shekarunsa ko katin makarantarsa ba su canja komai.

Fansho da garatutin da aka biya bisa dokar fansho babu haraji a kansu. Sai dai akasarin tsofaffinmu ba fansho kaɗai suke ci ba, akwai shago biyu a jikin gida da aka ba haya, ko gona, ko motar haya. Wannan dole a bayyana shi. Wanda ma fanshon ne kaɗai, ina ba shi shawara ya kai takardar ya nuna haka, ya huta da tambaya. Wanda aka sallama daga aiki aka ba shi diyya, har naira miliyan 50 ba a taɓawa, a da iyakar miliyan 10 ce.

Ɗana yana turo mini kuɗi daga Saudiyya. Ga kuma gado da muka raba, ga adashi da na kwasa. Duk kuɗin shiga ne?

Babu ko ɗaya a ciki. Abin da ɗa ya aiko wa mahaifinsa kyauta ce, haka gudummawar biki ko suna. Adashi kuɗinka ne ka tara suka dawo maka. Bashin da ka ciwo shi ma ba samu ba ne, tunda za ka mayar.

Maganar gado ta tayar da ƙura sosai a Arewa a ƙarshen 2024, lokacin da ƙudurorin ke gaban majalisa, malamai da dama suka yi huɗuba a kai. Dokar da ta fito babu harajin gado a cikinta. Abin da za a kula da shi shi ne bayan an raba. Idan gida ya faɗo a rabonka ka sa 'yan haya, kuɗin hayar samunka ne kamar kowane samu. Gidan gado ne, hayar kuwa kai ka same ta.

Sai dai sunan da ka sa wa kuɗi ba shi ke mayar da su kyauta ba. Wanda ya yi wa mutum aiki aka biya shi, ko an rubuta "kyauta" a wurin turawa, lada ne. Haka kuɗin da aka ci a gasa ko na zaman taro, doka ta lissafa su cikin abin da ake bayyanawa.

Ina da gidajen haya amma ba na wata sana'a.

Hayar ita ce sana'ar. Za ka bayyana abin da ka karɓa, ka cire abin da ka kashe wajen gyara da kula da gidan. In ɗan hayarka kamfani ne ko ma'aikatar gwamnati, za su riƙe kashi 10 su tura wa hukuma da sunanka. Ka nemi takardar shaidar wannan cirewar, domin ajiya ce aka yi maka, za a rage ta daga harajinka na shekara, amma sai ka kai takarda ake iya ragewa. Masu gidaje su kuma sani, tunda 'yan haya sun fara neman rangwamen kashi 20, sunan mai gida da adadin hayar suna isa ofishin haraji ta hannun ɗan hayar.

Ina zaune a Kaduna, kamfanin Amurka nake yi wa aiki ta intanet, da dala ake biyana. Ya shafe ni?

Ya shafe ka ƙwarai. Mazaunin Najeriya ana lissafa masa duk abin da ya samu ko daga ina ya fito. Kamfanin can ba zai cire maka PAYE ya kawo Kaduna ba, saboda haka nauyin duka ya dawo kanka: ka mayar da dalar naira bisa farashin hukuma, ka lissafa, ka kai, ka biya. Masu samun kuɗi a YouTube da TikTok da Facebook haka, masu cin riba a kirifto ma haka. Irin waɗannan nake ce musu su riƙa ware wani abu gefe duk wata, kada Maris ya zo musu da dunƙulen da ba za su iya haɗiyewa ba.

Wa ake kira mazauni? Wanda ya yi kwana 183 ko fiye a ƙasar cikin wata 12, ko yake da gidan zama na dindindin a nan, ko iyalinsa da harkokin samunsa suke nan. Saboda haka ɗan Maraɗi ko Damagaram da ke zaune a Kano yana kasuwanci mafi yawan shekara, takarda ta hau kansa, fasfo ɗinsa bai hana ba. Ɗan Najeriyar da ya tare a Ingila da iyalinsa, albashinsa na can ba ruwan Najeriya da shi, amma in yana da gidan haya a Zariya ko hannun jari a wani shago a Kwari, abin da suka kawo ana bayyana shi a nan.

Na yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, an ce ƙananan kamfanoni ba sa biya.

A duba irin rajistar tukuna. In sunan kasuwanci kawai ka yi wa rajista, kai da kasuwancin abu ɗaya ne, ribarsa ribarka ce, jiha za ka kai wa takarda kafin 31 ga Maris. In kamfani ne mai Limited a ƙarshen sunansa, shi mutum ne mai zaman kansa a idon doka, yana kai tasa takardar ga NRS cikin wata shida bayan rufe lissafinsa na shekara, ko da harajinsa sifili ne saboda ƙanƙantarsa. Kai kuma mai kamfanin, albashi ko alawus da kake ɗauka daga ciki ka kai taka ga jiha. Takarda biyu ke nan, hukuma biyu.

In na ƙi kaiwa me zai faru?

A tsohuwar doka tarar ₦5,000 ce da ₦100 a kowace rana, shi ya sa ba wanda ya damu. Yanzu ₦100,000 ce a watan farko, sannan ₦50,000 a kowane wata da ya biyo baya. Wanda ya bari har ƙarshen Satumba, wata shida ke nan, ₦350,000. Ka tuna mai hatsin Dawanau da ribarsa ₦700,000 ce, wanda ko kwabo ba a bin sa: rabin guminsa na shekara zai iya tafiya a kan takardar da ba ta cin komai. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a duk lamarin, domin tarar ba ta bambance attajiri da talaka ba, kuma talakan ne labarin bai kai wa ba. Rashin yin rajistar haraji shi ma da tasa tarar, ₦50,000 a watan farko, ₦25,000 a kowane wata bayansa.

Ban da tara, hukuma na iya yanka maka haraji bisa ganinta ta aiko. In hakan ta faru kana da kwana 30 ka rubuta ƙorafi, ka faɗi dalilinka da adadin da ka yarda da shi. Ka yi shiru kwanakin suka wuce, adadin ya zauna. In ba ku daidaita ba akwai kotun sauraron ƙarar haraji, ta shiyyar Arewa maso Yamma tana Kaduna, ta Arewa maso Gabas tana Bauchi.

Sai kuma takardar shaidar biyan haraji, mai nuna shekaru uku na baya. Ana neman ta wajen takardar mallakar fili, kwangilar gwamnati, wasu lasisai da riƙe muƙami. Wanda bai taɓa kai takarda ba, ranar da bukata ta taso sai ya biya na shekara uku a dunƙule, kuma a kan adadin da ba shi ya faɗa ba.

Shekara da shekaru ban taɓa cikewa ba. In na je yanzu ba kai kaina na yi ba?

Wanda ya je da ƙafarsa da wanda aka aika wa takardar gayyata ba a yi musu kallo ɗaya. Hukuma na iya waiwayar shekara shida baya, fiye da haka in akwai zamba. Ka fara da shekarar da ake ciki, ka tattara abin da za ka iya na baya daga bayanan banki, ka je da wanda ya san aikin. Ɓuya ma ta yi wuya yanzu, tunda lambar NIN ita ce lambar harajin mutum, kuma ita ce ke jikin asusun banki da layin waya.

Ai muna biyan tikitin kasuwa, banki na cire ₦50, ga zakka muna fitarwa. Kuma ba Rimi ya soke haraji ba?

Abin da Gwamna Abubakar Rimi a Kano da Gwamna Balarabe Musa a Kaduna suka soke a 1979 shi ne harajin kai da jangali, waɗanda ake yanka wa talaka ko ya samu ko bai samu ba, dagaci da mai unguwa su bi gida gida. Tsoron da iyayenmu ke yi wa kalmar haraji daga nan ya samo asali, kuma suna da hujja. Harajin kuɗin shiga yana nan tun kafin lokacin bai kuma taɓa tafiya ba.

Tikitin kasuwa da kuɗin rumfa na ƙaramar hukuma ne, ka adana rasitansu domin suna shiga ɗawainiyar shago. Naira 50 da ake cirewa in an tura ₦10,000 ko fiye kuɗin hatimi ne, ba ya maye gurbin komai. Zakka kuwa haƙƙin Allah ce, tana da nisabinta da mutanen da ake bai wa, fitar da ita bai sauke takardar hukuma ba.

To me zan riƙa in zan je?

Lambar NIN ɗinka da adireshin inda kake zaune. Ma'aikaci ya haɗa da takardun albashi na wata 12, da shaidar abin da aka cire na fansho, asusun gidaje na ƙasa da inshorar lafiya, da ta inshorar rai in yana da ita. Mai haya ya riƙe rasit ko yarjejeniyar haya mai sunan mai gida. Wanda ya ci bashin gina gidan da yake ciki ya kawo takardar bankin da ke nuna kuɗin ruwan da ya biya. Ɗan kasuwa ya ɗauko littafinsa da bayanan asusunsa na Janairu zuwa Disamba, da duk takardar shaidar kuɗin da aka riƙe masa a kwangila ko haya.

Kuɗin harajin a banki ko ta shafin hukumar ake biya, cikin asusun gwamnati, kada ka danƙa wa kowa a hannu ko da yana sanye da rigar ofis. In ka miƙa fom ɗin, ka tsaya a buga maka hatimi da kwanan wata a kan kwafinka. In ta intanet ka cike, ka sauke shaidar karɓa, ka buga ta a takarda, ka sa ta cikin littafin shagon.